Giovanni Cassini, masanin da ya gano watannin Zuhal

A dare marar hazo, mazauna garuruwa irin su Doguwa da Tudun Wada na iya hango duniyar Zuhal da ido, tamkar tauraro. Sai dai zobban da suka kewaye ta ba sa ganuwa sai da madubin hangen nesa.

Cikin waɗanda suka fara nazarin waɗannan zobba akwai Giovanni Domenico Cassini.

An haife shi ne ranar 8 ga watan Yunin 1625 a garin Perinaldo da ke Italiya ta yanzu. Yana da shekaru 25 ya zama farfesan ilimin taurari a Jami'ar Bologna.

A 1669 Sarki Louis na 14 ya gayyace shi zuwa Faransa, inda ya jagoranci sabuwar cibiyar nazarin taurari ta birnin Paris.

A can ne ya gano huɗu daga cikin watannin da ke kewaya Zuhal: Iapetus a 1671, Rhea a 1672, sai Tethys da Dione a 1684. A 1675 kuma ya gano wani giɓi a tsakanin zobban, mai faɗin kimanin kilomita 4,800, wanda har yau ake kira da sunansa.

Abin da ya fi nuna basirarsa shi ne batun Iapetus. Ya lura cewa watan na haske idan yana yammacin Zuhal, amma ya dusashe idan ya koma gabas. Daga nan ya yanke hukunci cewa ɓarinsa ɗaya ya fi ɗayan duhu, alhali ɗigon haske kawai yake iya gani.

Sai dai ba kullum yake dacewa ba. Ya ƙi amincewa da bayanin Isaac Newton game da ƙarfin da ke janyo abubuwa zuwa ga juna, bayanin da daga baya ya tabbata.

Cassini ya makance a 1711, ya kuma mutu a Paris ranar 14 ga watan Satumban 1712, yana da shekaru 87.

A 1997 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da takwarorinta na Turai, suka harba wani kumbo da aka raɗa wa sunansa. Kumbon ya isa Zuhal a 2004, kuma kyamarorinsa sun ɗauki hotuna fiye da 450,000 kafin a kammala aikin a watan Satumban 2017.

A watan Satumban 2007 kumbon ya ratsa kusa da Iapetus. Hotunan da ya aiko sun nuna ɓari ɗaya baƙi kamar gawayi, ɗayan kuma fari fat saboda ƙanƙara, kamar yadda Cassini ya yi hasashe fiye da shekaru 300 kafin nan.