Likita Mila (1872–1952): Mai bishara a ƙarƙashin mulkin Turawa

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, a Ingila a 1872. Da ya gama karatun likita a Landan, ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawa mazauna can da masu wucewa zuwa Makka.

A 1900, shekarar da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa, Mila ya biyo Bishop Tugwell har Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ce su fita. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu. Sai a 1905 Mila ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Da fari ya yi murna da zuwan Turawan mulki. Abokin Lugga ne, yana kuma zaton cin ƙasar zai buɗe wa bishara ƙofa. Ba haka ta kasance ba. A Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawari gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, kuma ya bar mulki a hannun sarakuna, Razdan da D.O. suna bisansu. Waɗanda suka gaje shi suka mai da wannan alkawari dalilin hana mishan shiga ƙasashen sarakuna. Har Maguzawan kudancin Katsina, irin na wajen Ƙanƙara da Malumfashi, hanin ya shafa, ko da yake ba Musulmi ba ne.

Mila bai yi shiru ba. Ya yi ta kai ƙarar zaluncin da ake yi wa talakawa, abin da ya sa manyan Turawa suka ɗauke shi mai tada fitina. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa.

Duk da haka aikinsa ya ba da amfani. Shi ne ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Makarantarsa ce ta horar da Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Mila ya rasu a Bukuru a 1952.

’Yan’uwa, har yau akan ce bangaskiyarmu guzurin mulkin mallaka ce. Tarihin Mila ya nuna cewa a ƙasar Hausa gwamnatin Turawa ta fi tare hanyar bishara fiye da share ta. Ya kuma gargaɗe mu: mai bi da ya jingina ga ikon gwamnati zai sha kunya. Ikkilisiya ta kahu ta wurin Maganar Allah cikin harshenmu, da hidima ga marasa lafiya, da haƙuri.