George Washington Carver: Ɗan Baiwa Da Ya Zama Likitan Tsirrai

Duk manomin da ya yi wayo a ƙasar Gumel kafin shekarar 1975 ba zai manta da daminar da gyaɗa ta kanƙame a gonaki ba. A waccan shekara cutar kuturtar gyaɗa ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, ta ƙarasa abin da farin shekarun baya ya rage, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Yawancin manoma sun ga alamun cutar da idonsu, sai dai ba su san musabbabinta ba. Wannan ne ya sa muka ga dacewar kawo wa jama'armu tarihin wani bawan Allah da ya ƙarar da rayuwarsa wajen koya wa talakawan manoma yadda ake duba shuka a gane abin da ke damunta, wato George Washington Carver na ƙasar Amurka.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Carver wajen shekarar 1864 a kusa da garin Diamond cikin jihar Missouri. Mahaifiyarsa Mary baiwa ce a gidan wani manomi mai suna Moses Carver. Yana jariri mahara suka sace shi tare da uwarsa. An samo yaron, amma ita ba a sake jin ɗuriyarta ba. Da aka hana bauta a 1865, sai Moses da matarsa Susan suka riƙe shi a hannunsu.

Yaro ne marar ƙoshin lafiya, don haka ba a sa shi aikin gona mai nauyi ba. Lokacinsa ya tafi a lambu da cikin daji, yana lura da furanni da itatuwa, yana gwada wace ƙasa ce ta karɓi wace shuka, wacce ke son rana, wacce ke son inuwa. Maƙwabta suka riƙa kawo masa shukokinsu da suka yi yaushi, yana jinyarsu har su farfaɗo. Tun daga nan aka laƙaba masa sunan likitan tsirrai.

Neman ilimi

Makarantar garinsu ba ta karɓar baƙar fata, saboda haka ya bar gida yana ɗan yaro ya tafi Neosho, daga can ya yi ta yawo a jihar Kansas, yana wanki da girki da ƙwadago don ya biya wa kansa karatu. Wata kwaleji a garin Highland ta ba shi gurbi ta wasiƙa, da ya iso aka ga launin fatarsa sai aka mayar da shi. Bai karaya ba. A 1890 ya shiga Kwalejin Simpson yana koyon zane, malamarsa Etta Budd ta lura da yadda yake zana tsirrai daki-daki, ta ba shi shawara ya koma ilimin aikin gona.

A 1891 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Iowa. Ya sami digirin farko a 1894, na biyu a 1896. A can ya yi aiki da Farfesa Louis Pammel, masanin cututtukan shuka, ya ƙware a kan nau'o'in fumfuna masu kama ganye da kara da saiwa. Al'adarsa ce ya fita da sassafe ya tsinto ganyayen da suka kamu, ya adana su, ya duba su da madubin ƙara girman abu, ya rubuta inda ya same su.

Shekaru 47 a Tuskegee

A 1896 Booker T. Washington ya gayyace shi ya shugabanci sashen aikin gona na makarantar Tuskegee a jihar Alabama. Ya tarar da manoma 'ya'yan bayi cikin bashi da yunwa. Shekara da shekaru ba a shuka komai sai auduga, ƙasa ta gaji, ruwan sama ya zaizaye ta. Makarantar ba ta da kayan bincike, sai ya sa ɗalibansa suka tsinto kwalabe da gwangwanaye a juji aka haɗa ɗakin gwaji.

Binciken da ya yi a gonar gwajin makarantar ya nuna cewa lalacewar audugar mutane ta samo asali ne daga yunwar ƙasa. Maganin da ya ba su mai araha ne: takin gargajiya na ganyaye da kashin dabbobi da laka, da kuma hutar da gona daga auduga a sa wake ko gyaɗa ko dankali. Wake da gyaɗa suna da ƙulle-ƙulle a saiwarsu masu mayar wa ƙasa sinadarin naitirojin.

Bai yi watsi da cututtuka na ainihi ba. A 1901 ya wallafa ƙasida a kan fumfunar da ke sa ɗigo-ɗigo a ganye a yankin Macon inda makarantar take, dangin wadda ke kaɗe ganyen gyaɗarmu a ƙarshen damina. Jimillar ƙasidunsa 44 ne, yawancinsu cikin sassauƙan harshe don mai ƙaramin karatu. Da ya ga manoma ba za su iya zuwa makaranta ba, a 1906 aka ƙera keke da dabbobi ke ja, ana loda masa iri da kayan aiki ana bin ƙauyuka, ɗalibinsa Thomas Campbell na koyarwa a cikin gonar manomi.

Lokacin da ƙwaron da ke huda ƙwallon auduga ya mamaye Alabama daga wajen 1910, manoma da yawa suka koma ga gyaɗa. A 1916 Carver ya fitar da ƙasida a kan noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta don abinci, a 1921 kuma ya yi bayani gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka a madadin manomanta. Wannan ne ya ɗaukaka sunansa, ko da yake kaɗan ne daga abubuwan da ya sarrafa suka shiga kasuwa. Masana sun fi girmama idonsa na gane cuta. A 1935 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta naɗa shi cikin masu taya ta binciken cututtukan shuka, kuma akwai nau'o'in fumfuna da aka raɗa wa sunansa.

Rasuwarsa

Carver bai yi aure ba, bai tara abin duniya ba. Abin da ya adana ya bayar da shi ga gidauniyar bincike a Tuskegee. Ya rasu ranar 5 ga Janairu 1943, aka binne shi kusa da Booker T. Washington. A wannan shekarar gwamnatin Amurka ta keɓe wurin haihuwarsa a matsayin wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata haka.

Darasi ga manomanmu

Kuturtar gyaɗa cutar Afirka ce, ba ta cikin abin da Carver ya bincika. Masana biyu, Storey da Bottomley, su ne suka tabbatar a 1928 cewa darɓa ce ke ɗaukarta daga shuka zuwa shuka. Amma hanyar ganowa ɗaya ce da tasa: a duba kafin a yanke hukunci.

A jigawar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ganye kan yi rawaya saboda dalilai daban-daban. Idan gona duka ta koɗe bai ɗaya, tsofaffin ganyaye suka fara, galibi yunwar ƙasa ce, feshi ba zai yi komai ba. Idan abin ya fara tsibi-tsibi yana yaɗuwa, a zargi cuta ko ƙwari, a juya bayan ganye a nemi darɓa. Idan ƙunar ta bayyana dare ɗaya, ta bi layi ko gefen gona, a tuna maganin ciyawa ko takin da aka zuba. Gero ko dawa da suka tsumbure, a tona gindinsu, domin wuta-wuta na shan saiwa tun kafin ta leƙo waje.

Manomin da ya kasa ganewa ya tuge shukar da saiwarta, ya haɗa da mai lafiya guda, ya kai wa malamin gona na hukumar JARDA, ya faɗa masa ranar shuka da abin da ya zuba. Ita kuwa kuturtar gyaɗa, da zarar ta kama ba ta warkewa. Rigakafinta shi ne shuka da wuri, a cike gona kada a bar gurabe, a tuge gyauro, a nemi iri mai jure mata irin SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Muna kira ga hakimai da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi da su ƙarfafa zuwan malaman gona har cikin gonaki, kamar yadda keken Tuskegee ya yi. Kuɗin da manomi zai kashe a kan maganin da bai dace ba, kuɗin hatsin iyalinsa ne. Allah ya ba mu damina mai albarka.