Hermann Staudinger, Bajamushen Da Ya Gano Asirin Roba Da Ƙaro

An haifi Hermann Staudinger a garin Worms, ƙasar Jamus, a shekarar 1881. Ya karanci ilmin sinadarai, ya sami digirin dakta a Halle cikin 1903, sa'an nan ya koyar a Karlsruhe, ya wuce Zurich ta ƙasar Suwizalan cikin 1912. Ko da a nan ya tsaya, da an san shi cikin masana. Amma abin da ya sa sunansa ya wanzu wata gardama ce da ya shiga, wadda ta kusa zubar masa da mutunci.

Ga mas'alar. Roba da auduga da siliki, me ya sa suke da danƙo da ƙarfi? Manyan malaman zamanin sun tafi a kan cewa ƙananan ƙwayoyi ne suka taru suka manne wa juna, kamar curin fura. Cikin 1920 Staudinger ya rubuta cewa ba haka ba ne. A wurinsa kowace ƙwaya doguwa ce ƙwarai, zarra dubbai a jere, kowace a ɗaure da 'yar'uwarta, kamar carbi. Wannan carbi shi ake kira folima.

Ba a karɓa ba. A taron masana na Dusseldorf cikin 1926 aka yi masa taron dangi, wani babban malami kuma ya ba shi shawara ya tsabtace kayan gwajinsa, wai datti ne ke ruɗinsa. Shi kuwa hujja ya riƙe. Tun 1922 ya shigar wa roba iskar haidurojin, ya toshe kafofin da ake cewa da su ƙananan ƙwayoyin ke manne juna. In da curi ce, lalle ta wargaje ta zama ruwa. Ba ta wargaje ba. Bayan ya koma Freiburg cikin 1926, sai ya nuna cewa in an narkar da folima, kaurin ruwan yana ƙaruwa gwargwadon tsawon carbin, watau ana iya auna abin da ido ba ya gani. Matarsa Magda, masaniyar tsirrai, ta yi aiki tare da shi har ƙarshen ransa.

Shi ma bai kuɓuta daga kuskure ba. Ya dage cewa carbin a miƙe yake kamar sanda, sai Werner Kuhn da Paul Flory suka tabbatar a lanƙwashe yake, kamar zaren da ya harɗe.

Akwai wani jinsin folima da ya shafi duk mai allo. Shi ne wanda ƙwayoyin carbinsa ke ɗauke da lantarki iri guda in ya shiga ruwa. Tun da iri guda ba ya son juna, sai carbin ya buɗe, ruwa ya yi kauri. In an zuba gishiri sai ya naɗe, kaurin ya ragu. Almajirinsa Werner Kern ya bincika wannan a Freiburg. Ƙaron dakwara na daga cikin wannan jinsi, ko da yake nasa carbin mai rassa ne. Shi ke lulluɓe baƙin da ke cikin tawada, ya hana shi curewa ya kwanta a gindin kurtu, ya kuma liƙa shi a allo. Masu dafa tawada sun san aikin tun tuni. Dalilin ne ya zo daga baya. Haka kuma yadin nailan da ake cinikinsa a Kantin Kwari, bakin Titin Ibrahim Taiwo, da butar roba ta Kasuwar Sabon Gari, duk a kan ilminsa aka gina masana'antunsu.

Ba mutum ne mai tsoron faɗin ra'ayinsa ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya fito fili ya soki yaƙi da iska mai guba, Jamus kuwa ba ta manta ba. Da Hitila ya hau mulki, shugaban jami'ar Freiburg, Martin Heidegger, ya kai ƙararsa, aka bincike shi cikin 1934, da ƙyar ya tsira da kujerarsa. Cikin 1944 bom ya rushe ɗakin bincikensa, ya sake kafa shi bayan yaƙi.

An ba shi Kyautar Nobel cikin 1953, yana da shekara 72, shekara 33 bayan rubutun nan da aka yi wa dariya. Ya mutu a Freiburg ran 8 ga Satumba, 1965.