Edward Carson: Lauyan Da Ya Ƙi Rabuwa Ya Zama Uban Rabuwa

Gabatarwa

Duk wanda ya nufi ginin majalisar Stormont a birnin Belfas, abin da zai fara tararwa a kan hanya shi ne gunkin wani dogon mutum da ya ɗaga hannun dama, kamar yana tsakiyar jawabi. Wannan shi ne Edward Carson, wanda jama'a da dama ke ɗauka uban ƙasar Ailan ta Arewa. Abin mamaki shi ne, ba ɗan wannan yanki ba ne, kuma raba tsibirin Ailan gida biyu ba shi ne burinsa ba.

Asalinsa da Aikin Lauya

An haifi Carson a birnin Dablin ran 9 ga Fabrairu, 1854, a gidan mabiya ɗariƙar Furotesta. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne. Ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Dablin, ya kuma kama aikin lauya a 1877. Daga 1887 gwamnati ta yi amfani da shi wajen gurfanar da masu fafutikar neman haƙƙin manoma 'yan haya, aikin da ya jawo masa farin jini a Landan da baƙin jini a ƙauyukan Ailan. A 1892 aka zaɓe shi wakilin Jami'ar Dablin a majalisar Birtaniya. Sunansa ya daɗa fita a 1895, sa'ad da ya titsiye marubucin nan Oscar Wilde da tambayoyi a gaban kotu, alhali kuwa a kwaleji ɗaya suka yi karatu.

Tushen Rikicin

Tun daga 1609 sarautar Ingila ta riƙa kwaso Furotesta daga Ingila da Sikotilan tana zaunar da su a Ulster, watau lardin arewacin tsibirin, a kan filayen da aka ƙwace daga hannun Katolika. A 1801 kuma aka haɗe Ailan da Birtaniya ƙarƙashin majalisa guda. Katolika, waɗanda su ne mafiya yawa a tsibirin, suka dage da neman mulkin cikin gida da majalisarsu ta kansu a Dablin. Furotestan Ulster kuwa suna tsoron kada su zama 'yan tsiraru a ƙarƙashin wannan majalisa, addininsu ya shiga takura, masaƙun Belfas da masana'antun ƙera jiragen ruwa su durƙushe.

Shugabancinsa

A 1910 Carson ya zama shugaban 'yan majalisar Ailan masu son ci gaba da zama da Birtaniya. A 1912 gwamnatin Asquith ta gabatar da shirin dokar mulkin cikin gida, kuma a wannan karon Majalisar Dattawa ba ta da ikon kashe shi, sai dai ta jinkirta shi shekara biyu. Dabarar Carson ita ce ya yi amfani da Ulster ya rusa shirin gaba ɗaya, domin a lissafinsa majalisar Dablin ba za ta iya tsayuwa ba in babu dukiyar Belfas.

Ran 28 ga Satumba, 1912, shi ne ya fara sa hannu a kan Alkawarin Ulster a babban zauren birnin Belfas, inda aka sha alwashin hana dokar aiki ta kowace hanya. Maza da mata fiye da 470,000 suka sa hannu a kan alkawarin da takardar mata da ke rakiyarsa. A 1913 aka kafa rundunar 'yan sa-kai ta Ulster, sa'an nan a watan Afrilu na 1914 aka yi fasa-ƙwaurin bindigogi kimanin 25,000 daga Jamus, akasarinsu ta tashar Larne. Ga dai babban lauya, masanin doka, amma ya koya wa jama'a cewa bindiga na iya tanƙwara majalisa. 'Yan kishin ƙasa na kudu ba su yi nawa ba wajen ɗaukar darasin, domin a watan Nuwamba na 1913 su ma suka kafa tasu rundunar.

Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya hana yaƙin basasa a 1914, aka jingine dokar. A lokacin yaƙin Carson ya riƙe muƙamin Babban Lauyan Gwamnati, daga baya ya zama ministan sojan ruwa. Kafin a gama yaƙin al'amura sun sake kama: an yi boren Ista a Dablin a 1916, sa'an nan jim kaɗan bayan yaƙin, a zaɓen 1918, jam'iyyar Sinn Féin mai neman cikakken 'yanci ta lashe kujeru 73 daga cikin 105 na Ailan.

Rabuwa

Da ya tabbata cewa kudu ta kuɓuce, sai magana ta koma kan ceton abin da zai cetu. Dokar 1920 ta yanke gundumomi shida daga cikin tara na Ulster ta mai da su Ailan ta Arewa. An bar Cavan da Donegal da Monaghan a waje domin Katolika sun yi rinjaye ƙwarai a cikinsu, kuma shigo da su zai raunana rinjayen Furotesta. Ta haka aka yi watsi da Furotestan waɗannan gundumomi uku, waɗanda su ma sun sa hannu a kan alkawarin 1912, haka nan da na Dablin, mahaifar Carson. Duk da wannan yanka, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen sabuwar ƙasar Katolika ne.

A 1921 Carson ya ƙi karɓar muƙamin Firayim Minista, ya bar wa James Craig. Wajen sallama ya gargaɗi magoya bayansa da su nuna wa Katolika tun daga farko cewa ba su da abin tsoro. A watan Disamba na wannan shekara ya tashi a Majalisar Dattawa cikin ɓacin rai, ya soki yarjejeniyar da ta ba kudu mulkin kai, ya kuma yi kukan cewa 'yan mazan jiya na Ingila sun yi wasa da shi da Ulster ne kurum domin su hau mulki. Daga nan ya zauna alƙali a kotun ƙoli ta majalisar har 1929.

Rasuwarsa

Carson ya rasu ran 22 ga Oktoba, 1935, a gidansa da ke Kent a Ingila. Jirgin ruwan yaƙi ya kai gawarsa Belfas, aka binne shi a majami'ar St Anne, aka zuba ƙasa daga gundumomin nan shida a kabarinsa.

Kammalawa

Gargaɗinsa bai shiga kunne ba. Jam'iyyarsa ta yi mulki ita kaɗai daga 1921 zuwa 1972, Katolika kuwa suna kukan wariya wajen rabon gidaje da ayyuka da shata mazaɓu. Rikicin da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, wadda ta tanadi raba mulki tsakanin ɓangarorin biyu. Hausawa kan ce garin neman gira akan rasa ido. Carson ya tashi ne domin riƙe Ailan duka, ya ƙare da gundumomi shida, mahaifarsa kuwa tana ƙetaren iyaka.