Rabe Fadlallah da Gidansa na Dikwa

An haifi Rabe wajen 1842 kusa da Hartum ta ƙasar Sudan. Ya koyi yaƙi a rundunar Zubairu Fasha, wani babban mai fataucin bayi da hauren giwa a Bahar Gazal. Da hukumar Masar ta tsare Zubairu a Alƙahira, aka kuma kashe ɗansa Sulaimanu a 1879, sai Rabe ya ƙi miƙa wuya, ya ja sauran mayaƙa da bindigoginsu ya nausa yamma.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana yawon yaƙi da kamun bayi, ba shi da mazauni tsayayye. A 1893 ya ci Bagarmi, ya karya rundunar Shehu Hashimi ta Barno, ya ƙone Kukawa. Shehu Kyari ya yunƙura ya ƙwato ƙasar kakanninsa, Rabe ya kama shi ya kashe. Maimakon ya zauna Kukawa sai ya zaɓi Dikwa, kudu da Tabkin Chadi, inda ya fi kusa da hanyoyin da ya biyo daga gabas, ya gina ƙaton gidan ƙasa mai kauri, fada ce kuma sansani.

A ganina wannan gini shi ne babbar shaidar cewa Rabe ya gaji da yawo, sarauta mai ɗorewa yake nema. Ya tsara haraji, ya rarraba ƙasa ga jarumansa, har ya aurar da 'yarsa ga Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ko da yake wannan surukuta da jini ta ƙare. Masu kiransa gwarzon da ya tare Turawa suna da hujja, don kuwa a 1899 ya hallaka ayarin Faransawa a Togbawo. Amma Barebarin da aka ƙone wa garuruwa aka sayar da 'ya'yansu ba su tuna shi da alheri.

Ran 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe shi a Kusuri, suka sare kansa. Shugabansu, Lami, shi ma nan ya faɗi. Dikwa ta koma hannun Jamus, daga baya Ingila. Abin da ya rage na gidan Rabe, hukuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na Nijeriya.