Alice Hamilton, likitar da ta bi guba har cikin masana'antu

A filinmu na yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wata mace da ma'aikatan masana'antu na duniya suke cin moriyar aikinta, ko da yake akasarinsu ba su taɓa jin sunanta ba. An haifi Alice Hamilton ran 27 ga watan Fabrairu na shekara ta 1869 a birnin New York na ƙasar Amurka, ta girma a jihar Indiyana. Ta sami digirin likita a jami'ar Mishigan a 1893, sannan ta ƙaro ilimi a Jamus.

A 1897 ta koma Shikago, ta zauna a gidan taimakon talakawa na Hull House, cikin unguwar baƙin haure. A nan ne ta riƙa ganin magidanta majiya ƙarfi suna dawowa daga aiki da ciwon ciki mai murɗa, hannu ya saki, wasu har da farfaɗiya. A lokacin, in lebura ya kwanta sai a sallame shi a ɗauki wani, tunda ga su nan jibge a bakin ƙofa.

A 1910 gwamnan jihar Ilinoi ya sa ta cikin kwamitin binciken cututtukan sana'a, ita kuma ta sa gubar dalma gaba. Masu masana'antu sun daɗe suna ɗora laifin kan ma'aikata, wai ba sa wanke hannu kafin cin abinci. Alice ta bi asibitoci tana duba takardun majinyata, ta shiga gidajensu ta zanta da matansu, ta leƙa har inda ake narka dalmar. Ta nuna cewa babbar hanyar shigar gubar ita ce ƙura da hayaƙin da ake shaƙa, don haka maganin shi ne a tsabtace iskar wurin aiki. Ta gano sana'o'i fiye da 70 masu hulɗa da dalma, har da masu shafe bahon wanka, waɗanda ba wanda ya zata. A 1911 jihar ta kafa doka a kan cututtukan sana'a.

Daga nan gwamnatin tarayya ta ɗauke ta aikin bincike, amma ba ta da ikon shiga ko wace masana'anta da ƙarfin hukuma. Da lalama da hujja take cin mai kamfani, kuma gaban idonsa take faɗa masa abin da ta gani.

A 1918 aka wallafa bincikenta a kan masu sassaƙa dutse na Bedford, a Indiyana, masu aiki da guduma mai ƙarfin iska. Yawancinsu yatsunsu kan yi fari fat, su mutu murus. Ta danganta abin da karkarwar gudumar, da sanyi, da tsananin riƙon da ake yi wa kurfi. Shekaru 60 bayan haka wasu masana suka koma garin, suka tarar da cutar tana nan daram.

Jami'ar Harvard ta ɗauke ta malama a 1919, mace ta farko da ta sami wannan matsayi a can, amma da sharaɗin ba za ta shiga kulob ɗin malamai ba, ba kuma za ta shiga jerin gwanon bikin yaye ɗalibai ba. Har ta yi ritaya a 1935 ba a ƙara mata girma ba, abin kunya ga jami'ar. A 1925 tana cikin ƙalilan da suka yi adawa da zuba dalma a man fetur. Ba a saurare su ba, sai a 2021 aka daina sayar da irin wannan mai na motoci a duniya baki ɗaya.

Ta rasu ran 22 ga watan Satumba na 1970 tana da shekara 101. Wata uku bayan rasuwarta shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar kare lafiyar ma'aikata, kuma a 1971 hukumar OSHA ta ƙayyade yawan gubar da aka yarda ta kasance a iskar wurin aiki, tare da tsaida iyakar ƙara a desibel 90 ga mai aikin awa 8.