Imam Sahnun, alƙalin Ƙairawan

Ƴan uwa matasa, da yawa cikinmu sun zauna gaban malam a zaure da Risala ko Muhtasar na Halil a hannu, a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. In aka bi sawun fiƙihun da ke cikin littattafan nan, sai an biya ta hannun wani alƙali na garin Ƙairawan, cikin ƙasar Tunusiya ta yanzu.

Sunanshi Abdussalam ɗan Sa'id Attanuhi. Sahnun laƙabi ne, sunan wani tsuntsu mai kaifin hankali, an sa mishi shi saboda saurin ganewarshi. An haife shi a shekara ta 160 bayan hijira. Mahaifinshi soja ne da ya zo daga Himsa ta ƙasar Sham, kuma gidan ba na masu hali ba ne. Ya fara karatu a Ƙairawan, sannan ya tafi Tunis wajen Aliyu ɗan Ziyad, almajirin Imam Malik. Lokacin Malik yana raye a Madina, amma Sahnun bai samu guzurin zuwa ba har Malik ya rasu a 179. Shi da kanshi ya ɗora laifin bisa talauci. Wanda ya taɓa barin karatu don rashin kuɗin mota ya san zafin abin.

Da hali ya samu sai ya nufi Masar, wurin Ibnul Ƙasim, wanda ya yi kusan shekara 20 tare da Malik. Ya tafi da littafin tambayoyin da Asad ɗan Furat ya tara tun farko, suka bi shi mas'ala bayan mas'ala, malamin yana gyara abin da ya canza ra'ayi a kai. Sahnun ya komo gida a 191, ya jera aikin babi babi, ya ƙara mishi hadisai. Shi ne Mudawwana, uwar littattafan Malikiyya bayan Muwaɗɗa.

Daga nan ya yi sama da shekara 40 yana karantarwa, yana ci daga gonarshi ta zaitun. Zamanin da masu mulki suka matsa a yarda cewa Alƙur'ani halitta ne, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban sarki, alƙalin gari Ibnu Abil Jawad ya nemi a kashe shi. Daga ƙarshe aka hana shi fatawa da karantarwa, aka tsare shi a gida.

Da iska ta juya, sarki Muhammadu ɗan Aglab ya nemi ya karɓi alƙalanci. Kusan shekara guda ana lallashi yana ƙi. Bai yarda ba sai da aka amince mishi ya yi hukunci bisa kowa, har dangin sarki da fadawanshi. An naɗa shi a 234, yana da shekara 74. Ran nan ya shaida ma ɗiyarshi Hadiza cewa an yanka shi ba da wuƙa ba, yana nufin hadisin da ya zo kan nauyin alƙalanci.

Bai karɓi albashi don kanshi ba, sai dai na ma'aikatanshi. Ya keɓe ɗaki cikin masallaci inda ba mai shiga sai masu ƙara da shaidunsu. Ya fitar da ajiyar mutane daga gidan alƙali ya damƙa ta ga amintattu, ya sa ido bisa algus a kasuwa. Da wani kwamandan sarki ya kamo mata ƴantattu daga Tunis bayan wata tarzoma, Sahnun ya ƙwace su ya sake su. Sarki ya aiko a mayar, ya ƙi, kuma sarkin ne ya janye.

Akwai wata shari'ar da ba ta da daɗin ji, amma ɓoye ta ba adalci ba ne. Magadan wani mutum sun kai ƙarar Ibnu Abil Jawad kan ajiyar kuɗi, shi kuma ya musa. Sahnun ya tsare shi, aka riƙa yi mishi bulala lokaci bayan lokaci har ya mutu. Masu kare Sahnun sun ce dukiyar magada ya bi. A ganina, mutumin da ya taɓa neman ranka, gara wani alƙali ya saurari ƙararshi. An ruwaito cewa mutuwar ta dami Sahnun ƙwarai.

Ya rasu cikin Rajab na 240, wato 854 miladiyya, yana bisa kujerar alƙalanci, aka rufe shi a Ƙairawan. Ɗanshi Muhammadu ya gaje shi a ilimi, har ya rubuta littafi kan ladubban malaman yara. Allah ya jiƙan su da rahama.